Ku Tambayi Goggo: Da Gaske Jiya Ta Fi Yau?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Goggo, ina gaisuwa. Ni matashi ne ɗan shekara 27 a unguwar Pantami, cikin Gombe. Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai na buɗe ɗan shagon POS da cajin waya. Mahaifina tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Duk zaman da za mu yi da shi sai ya kawo "a zamaninmu". Wai shi yana kamar shekaruna ya riga ya yi aure, ya gina ɗaki biyu da zaure, mu kuwa ba abin da muka iya sai latsa waya. Har ta kai ba na dawowa gida sai na tabbatar ya kwanta. Goggo, da gaske zamaninsu ya fi namu? Kuma yaya zan fahimtar da shi ba tare da na yi masa rashin kunya ba?

Ɗanki daga Pantami

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa wa shagon albarka, ya kawo babban rabo.

Bari in fara da inda mahaifinka yake da gaskiya, don yana da ita, har ma ta fi yadda kake zato. A lokacinsu kuɗi na da auki. A 1981, zamanin Shagari, aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125. Shekara guda bayan haka litar fetur ta koma kwabo 20. Ka ɗauki biro ka lissafa: albashin masinja na wata ɗaya zai sayi lita 625. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, kafin shekarar ta ƙare lita ta haura naira dubu ɗaya. Lita 70 ke nan, da ƙyar ma. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Don haka in Baba ya ce da albashinsa ya sayi kwano da siminti ya kuma yi lefe, ba ƙari yake yi ba.

Aiki ma shi ke neman mutane a lokacin. Jirgi ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, kuma kowace tasha da ma'aikatanta. Da kaka, motocin auduga layi suke yi zuwa injin gurza na BCGA, kamfanin auduga na Turawan Ingila, wanda yaran yanzu suka sani a matsayin sunan unguwa kawai. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, sababbin ofisoshi na neman akawuna. A shekarar ce kuma aka fara UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka buɗe firamare a ƙauyukan da ba su taɓa ganin baƙin allo ba. Ni a wannan guguwar na shiga koyarwa, kuma ba wanda na roƙa, tun muna makarantar horon malamai aka san inda za a tura kowa. Ga Ashaka ta fara fitar da siminti a 1979, ga kamfanin Steyr a Bauchi yana harhaɗa tarakta da manyan motoci. Tun daga 1986, da aka shigo da SAP, tsarin gwamnati na tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira, waɗannan ƙofofi suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ga mutane kuma suna ta ƙaruwa. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, yau mun haura miliyan 200.

Ka lura, wannan lissafin da ya gaskata mahaifinka shi ne kuma ya wanke ka. Rashin gina ɗaki biyu da zaure kana da shekara 27 ba lalaci ba ne. Wanda ya ajiye kwalin digiri ya zauna ƙarƙashin lema tun safe yana ƙirga canji, yana haƙuri da masifar kwastoma in kuɗi sun maƙale, ba za a kira shi malalaci a gabana in yi shiru ba.

Inda nake rabuwa da sa'o'ina shi ne in sun ce komai na da ya fi daɗi. Yawanci maza ne ke faɗin haka, kuma su a zaure suka yi zamaninsu. Ka je ka tambayi mahaifiyarka, ko wata goggonka da ta girme ta. Kafin injin niƙa ya wadata, mace da asuba take tashi: surfe, bakace, wanki, ɓarza, niƙa a dutse, sannan a hura itace, hayaƙi na cin ido har tuwo ya nuna. Gombe kuma gari ne da ya sha wahalar ruwa, 'yan mata sun ga ta kansu da tulu da garwa kafin a jawo ruwan Dadin Kowa. Mace za ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, ba mota, ba asibiti kusa, sai rubutu da jiƙo. In ƙyanda ta shigo unguwa da bazara, gidaje nawa ne ba su fitar da gawar yaro ba? Na koyar da yaran da iyayensu ke ɗauke da zanen agana a fuska, cutar da sai a 1980 aka ba da sanarwar ta ƙare a duniya. Na ga manomi kwance damina guda saboda kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da dubu 650 a ƙasar nan, sai a 2013 aka tabbatar mun rabu da ita. Kai ba ka taɓa ganinta ba, kuma ina yi wa Allah godiya a kan haka.

Saƙo kuma fa? Mutum zai rasu a Nafaɗa, 'yarsa da ke aure a Jos ba za ta ji ba sai an yi sadakar uku, wani lokaci ta bakwai, sai in an dace da direba mai tafiya ko an buga waya ta gidan waya. Wasiƙa sai ka nemi mai rubuta maka, ka manna kan sarki, ka zauna jira. Wannan wayar da ake zagi, da ta shigo a 2001 layinta kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, yau ga ta a hannun mai tallan ƙosai. Da ita nake jin muryar jikokina da ke nesa, ba zan tsine mata ba.

To amma akwai abin da muka rasa na gaske, kuma ina jin shi ne ke cin mahaifinka. Ba ka san ciyayya ba, ko ka san ƙarshenta kawai. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai sa a fito da kwanonsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, a buɗe wannan a cinye, a jawo wancan. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba a ranar zai zauna ya ci ya ƙoshi, ba wanda zai gane, ko a gane a yi shiru, gobe a aika masa da hatsi ta hannun yaro. A nan ake sasanta ma'aurata, a nan ake jin wanda bai da lafiya, a nan baƙon da dare ya yi masa yake samun masauki. Yara na gefe suna jiran sauran kwano, kunnensu na ɗaukar yadda manya ke magana.

Ba ku kuka kashe wannan ba. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Gombe ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka dawo daga Bauchi, baƙi suka shigo, gonaki suka zama filotai har Tumfure da bayanta. Sabon gini ya zo da katanga da get, ba zaure. Inda zaure ya rage, da yawa an fasa shi an yi shagon haya. Sannan shekarun 2014 da 2015, da bama-bamai suka tashi a tashoshin mota da kasuwa, suka koya wa mutane shiga gida da wuri da tsoron baƙon fuska. Sa'o'in mahaifinka su suka gina waɗannan katangu, bisa dalilan da suka gani, yanzu kuma kaɗaici ya same su a ciki.

Ka dubi Baba da kyau. Mutum ne da ya yi rayuwa jirgi na shigowa da ƙugi, gari na jin sa, 'yan dako da masu talla na rububi, shi kuma yana cikin masu kaki. Yau in ya bi ta tashar, shiru. Abokan tabarmarsa wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu ciwon ƙafa ya zaunar da su. Ɗan da ya rage masa a gida kuma sai ya ji ya yi barci yake shigowa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In ya ce "a zamaninmu", rabin maganar gori ne, ban musa ba, amma sauran rabin yana gaya maka ne cewa shi ma an taɓa bukatarsa.

Don haka kada ka kai masa lissafin fetur ɗin nan kamar mai zuwa gaban alƙali. Ko ka kayar da shi ba abin da ka ci. Ka dawo da wuri, ka ɗauki kwanonka ka kai inda yake, wayar tana aljihu. Ka tambaye shi tashoshin da ke tsakanin Gombe da Maiduguri, yadda ake canjin jirgi a Kuru da Kafanchan, abin da ya yi da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka biya ma'aikata a 1975. Za ka ga bakin da ke gori ya koma ba da labari. In ya yarda, ka naɗi muryarsa a wayar nan da yake ƙi, watarana za ka neme ta. Bayan an saba, ka kawo masa littafin shagonka, ka nuna masa abin da ke shigowa, kuɗin haya, kuɗin man janareta, abin da ya rage, ka ce "Baba, yaya kake ganin zan yi?" Tsohon ma'aikaci ya san lissafi, da kansa zai gano abin da kake so ka gaya masa. In gorin aure ya ci gaba har yana ƙona maka rai, akwai bappanka ko wani amininsa, su ne za su iya ce masa ya sassauta. Kai ba huruminka ba ne.

TAMBAYA

Hajiya Goggo, ni tsohuwa ce kamarki a unguwar Jahun, Bauchi. Ɗana yana Fadaman Mada, nan cikin gari, amma sai ya yi wata bai leƙo ni ba. Kuɗi kam yana turowa, da gaisuwa ta murya a WhatsApp. Jikokina in an kawo su a tsaye suke gaishe ni, da Turanci, ba su cin tuwo, ba su san ko tatsuniya ɗaya ba. Ni ce na cika ƙorafi?

'Yar'uwarki daga Jahun

AMSA

'Yar'uwa, a kan ɗanki ba ki yi ƙorafin banza ba. Daga Fadaman Mada zuwa Jahun kuɗin Keke Napep ne. Allah ya saka masa da abin da yake turowa, amma uwa ba ofis ba ce da za a biya ta a huta. Ki kira shi shi kaɗai, ba a gaban matarsa ba, ki ce masa fuskarsa kike so ki gani ko da ranar Juma'a bayan an sauko. Ki faɗa sau ɗaya, a fili, ba da habaici ba. 'Ya'yan yanzu da yawa ba su gane habaici, sai su ɗauka tunda ba ki yi magana ba komai lafiya.

Jikoki kuwa ba su da laifi. Ba su suka zaɓi makarantar da ake hukunta yaro in ya yi Hausa ba, kuma yaro ba ya durƙusawa sai ya ga ubansa ya durƙusa. Ki roƙi a bar miki su su kwana in an yi hutu. Ranar da aka ɗauke wuta ki fito da tabarma tsakar gida ki ce "ga ta nan, ga ta nanku", ki koya musu amsawa. Ban taɓa ganin ajin da Gizo da Ƙoƙi suka kasa riƙewa ba. Ki sa su tsinke miki zogale, ki ba ƙaramar muciya ta taɓa, wanda ya sa hannu a girki yakan ɗanɗana. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki riƙa ce musu yaran da sun fi su tarbiyya. In suka ji haka sau biyu, gidanki zai zama wurin da ake kai su dole.

TAMBAYA

Goggo, kakata in za ta ce abu ba shi da daraja sai ta ce bai kai sisi ba, ko ta ce ba ta da ko anini. Nawa ne waɗannan a kuɗin yanzu?

Jikarki, ɗaliba daga Kumo

AMSA

Jikata, kuɗin Ingila ne da muka yi amfani da irinsa har ƙarshen 1972. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12. Sisi rabin sule ne, wato kwabo 6. Taro kwabo 3, ahu kwabo ɗaya da rabi, nai kwabo 9, ɗari rabin kwabo. Anini shi ne ƙarami, sai ka tara 10 suke zama kwabo ɗaya, kuma da huda a tsakiyarsa kamar tsohon kwabo. Sule biyu a haɗe shi ake kira dala ko fataka. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka shigo da naira: fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama sabon kwabo 10, sisi ya zama kwabo 5. Shi ya sa har gobe za ki ji tsofaffi a kasuwa suna kiran naira 200 fam ɗari, naira dubu kuma jaka biyar, don jaka ɗaya fam ɗari ce. Ki tambayi kakarki nawa aka biya sadakinta, da waɗannan kuɗin za ta ba ki amsa.