Kafin ka saida saniya ka sayi na'urar leƙen ruwa

Assalamu alaikum jama'ar ruwa. Tun da bidiyon nan na wani Bature da ke nuna kifi a sikirin ya fara yawo a WhatsApp wayata ba ta huta ba, daga Mai Wurno, daga Damazin, daga Kosti a nan Sudan, har wani yaro ɗan gidanmu da ke aiki a Jidda ya kira ni wai zai aiko wa babansa na'urar, wato na'urar leƙen ƙasan ruwa mai kallon gefe da gefe, a matsayin tsaraba. Toh na tara tambayoyin, bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, wanda tasa ba ta fito ba ya yi haƙuri ya duba da kyau, ƙila tana cikin ta wani.

Wani ɗan'uwa daga Mai Wurno ya ce: "Malam wai kyamara ce a cikin ruwan? Kogin namu fa ja ne jawur da damina, ya za a yi ta gani?"

Ɗan'uwa ba kyamara ba ce, babu ruwanta da haske ko duhu. Sauti take aiki da shi, kamar yadda jemage ke yi da daddare. Akwai wani ɗan abu kamar sabulu mai tsawo da ake ɗaurawa a gindin jirgi ya nutse a ruwa, sunansa tiransdusa amma ni kunne nake ce masa, shi ke harba sauti siriri wanda kunnen mutum ba ya ji, sautin ya je ya daki ƙasa ko dutse ko kifi ya dawo, na'urar ta lissafa lokacin da ya ɗauka tunda an san sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, sai ta zana maka hoto. Saboda haka jan ruwa bai hana ta ba. Abin da ke ɗan dame ta shi ne tsakiyar ambaliya, Agusta zuwa Satumba lokacin da Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, ke kwaso laka da karmami daga tsaunukan Habasha, hoton zai yi dusu-dusu kamar tsohuwar talabijin, amma dai za ka ga ƙasa.

Tsohuwar na'urar da wasu suka sani ƙasa kawai take kallo, daidai ƙarƙashin jirginka. A zurfin mita 6 abin da take gani bai fi faɗin mita 2 ba, kamar ka haska tocila a rijiya. Ita wannan ta gefe dama da hagu take harbawa lokaci guda. Ka sa ta mita 25 kowane gefe, kaga faɗin mita 50 kenan, ka yi tafiyar kilomita 5 a awa ɗaya, ka leƙa kusan fadan 60, wato hekta 25, na ƙasan ruwa baka jiƙa ko ƙafa ba. Kamfanin Humminbird na Amurka ne ya fara kawo ta ga ƙananan jirage a 2005, daga baya Lowrance da Garmin suka fito da tasu.

Wani dattijo daga wajen Rusairis, ta bakin jikansa, ya ce shi shekara hamsin yana su, ya san ruwan nan kamar tafin hannunsa, me ƙarfe zai koya masa.

Baba, Allah ya ƙara girma, ba zan yi maka musu ba, kuma a nan zan daɗe don tambayarka ita ce gaskiyar maganar gaba ɗaya. Ruwan da ka sani ba shi ne na yau ba. An gama madatsar Rusairis a 1966, aka zo aka ƙara mata tsawon mita 10 aka gama a 2013, ruwa ya hau ya cinye gonaki da daji da tsofaffin ƙauyuka, itatuwan nan da yawa suna nan tsaye a ƙasa da rassansu. Ga kuma babbar madatsar Habasha a sama da ta fara tara ruwa tun 2020, yanayin cika da janyewar kogin ya sauya. Kai ka san inda tsohon kwari yake, ban musa ba, amma ragar kalli nawa yaranka suka bari a ƙasa cikin shekaru goman nan?

Ni ranar da na fara yarda da na'urar nan ba kifi na gani ba. Muna tafe a hankali a wani lungu da masu jirgin suka ce wurin yana cin kalli, wasu ma har sun fara cewa akwai mutanen ruwa, sai ga itace ya fito a gefen hagu na sikirin ɗin, fari tas da rassansa kamar an zana da alli, inuwarsa baƙa ta miƙe a bayansa, ga wani abu kamar yanar gizo ya nannaɗe rassan. Tsofaffin kalli ne, Allah kaɗai ya san na mutum nawa. Mai jirgin ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya ce a nan nawa ya tafi bara. Muka danna alama a GPS, muka zagaya muka sami wasu itatuwa uku a layi ɗaya, alamar tsohon bakin rafi ne. Shikenan daga ranar suka san inda za su shimfiɗa kalli a gefe, kusa yadda zai kama kifin da ke fakewa a itacen amma ba kusa da zai sarƙe ba.

Shi ya sa nake cewa ga mu masu kalli da mamari da taru, amfaninta na farko ganin ƙasa ne, ganin kifi na biyu ne. Bature da ke bidiyon nan fatsa ɗaya yake jefawa don nishaɗi, kifi ɗaya yake farauta. Kai kuwa jarinka ne ke kwana a ruwa. Baba in ka haɗa abin da ke kanka da abin da jikanka zai gani a sikirin, wallahi ba mai kamo ku a tafkin nan.

"Na ara ta abokina na kwana biyu, ban gane komai ba sai zane-zane ruwan ƙasa", in ji wani matashi daga Jabal Auliya.

Haka kowa ya fara ƙanena, kar ka damu. Ka ɗauka kana sama kana kallon ƙasa. Jirginka yana can saman sikirin a tsakiya, abin da ke gangarowa ƙasa shi ne wurin da ka riga ka wuce. Baƙin layi mai faɗi da ke tsakiya ba rami ba ne, ruwan da ke tsakaninka da ƙasa ne, in ya yi faɗi wurin da zurfi in ya tsuke ka shigo tudu, yi hattara da farfela. Ƙasa mai tauri, dutse ko tsakuwa, haske take yi, laka kuma duhu don tana shanye sautin. Kifi kuwa ba za ka gan shi da wutsiya da ido ba, ɗan farin ɗigo ne kamar ƙwayar shinkafa, kuma abin da za ka nema shi ne inuwarsa. In ɗigon da inuwar suna manne kifin a kwance yake a ƙasa, irin tarwaɗa ko ƙurungu, in akwai rata tsakaninsu to a sama yake shawagi, yadda ratar ta kai haka ya yi nisa da ƙasa. Garken kawara kamar hayaƙi ko gajimare yake fitowa, in ka ga manyan ɗigo biyu uku a gefen gajimaren nan toh ka gyara zama, mafarauta ne, ƙila giwan ruwa wanda mutanen nan ke ce wa ijil. Amma na'ura ba za ta rubuta maka sunan kifi ba, wannan sai sanin masunci.

Abu uku ne ke ɓata wa sababbi hoto. Gudu, sai mutum ya murɗe inji kamar zai kai mara lafiya asibiti, alhali tafiyar da take so kilomita 4 zuwa 8 ne a awa. Sai kwana-kwana, in kana juyawa hoton miƙewa yake a gefe ɗaya ya cukurkuɗe a ɗayan, ka tafi a miƙe. Sai kwaɗayin nisa, an ce maka tana kai mita 70 kowane gefe sai ka buɗe ta duka, kifin ya koma ƙanƙane kamar ƙura baka ganinsa. Ka fara da kamar ninki uku ko huɗu na zurfin wurin. Kuma in jirgi a tsaye yake ba ta zana komai na kirki, sai ana tafiya.

Hanya mafi sauƙi ta koyo, ka je wurin da ka san abin da ke ƙasa, gindin gada ko dutsen da kowa ya sani ko jirgin da ya nutse, ka wuce ta gefensa sau biyar daga kusurwa daban-daban, idonka zai buɗe. Maganar lambobin nan na kHz da ke nuna irin sautin da take harbawa kuma, 455 ta fi nisa, 800 da ta sama da ita sun fi fito da hoto tas amma a kusa, a ruwanmu ka zauna kan 455 sai in kana son ƙare wa abu kallo.

Wani ya tambaya ko za ta yi a kwale-kwalen katako marar inji. Za ta yi, tuƙin filafili ma ya isa gudun da take so, sai dai in jirgin na tangaɗi hoton zai yi lanƙwasa-lanƙwasa. Kar ka manna kunnen a cikin jirgi, sauti ba ya ratsa katako yadda ya kamata, dole ya taɓa ruwa. Ka samu bututun roba mai kauri ko sanda ka ɗaure a gefe ko a baya, kunnen ya sauka ƙasa da cikin jirgin kaɗan don kar jikin jirgin ya tare masa gefe ɗaya, ya kwanta daidai, tsawonsa ya bi tsawon jirgi. Masu inji ku nisanta shi da kumfar farfela, kumfa ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ku na Bahar Abyad, wato Farin Nilu, wajen Kosti da Rabak ga kainuwa, ku riƙa ɗaga sandar kuna cire ciyawa, in gefe ɗaya ya yi baƙi ƙirin kwatsam yawanci ita ce ta naɗe shi ba lalacewa ya yi ba.

Wuta fa, tunda ta gari sai a hankali? Batir mai bolt 12 take ci, mai sikirin inci 7 tana shan kusan amfiya ɗaya a awa. Ƙaramin batir ɗin nan mai amfiya 7 zai baka awa uku zuwa huɗu in baka son kashe shi, don batirin ruwa in ana tatse shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Ka nemi mai 20 da faifan sola mai wat 50, ya ishe ka. Ka sa fis, ka ba ta batirinta daban da na inji, ka yi mata 'yar rumfa don ranar nan tamu tana dafa sikirin. Ba sai ta kwana a kunne ba ai, leƙe za ka yi na awa ɗaya ko biyu ka sa alama ka kashe.

Wata Hajiya mai sana'ar kajaik da fasik, wato busasshen kifi da kifin gishiri, ta ce tana da jirage biyu da yara ke fita da su, ta sayi biyu ne ko ɗaya.

Hajiya ɗaya ma sai kin yi lissafi. Abu ne na ɗaruruwan daloli, manyan kuma sun haura dubu, ki juya shi zuwa jinai, kuɗin Sudan, na yau ki gani. Ki zauna ki ƙirga kalli nawa kike asara a shekara da man da yara ke ƙonawa suna yawon neman wuri, in kuɗin ya kai ki saya in bai kai ba ki sayi sabon kalli ki huta. Shawarar da na fi ba mutane ita ce a haɗa kuɗi, jirage biyar ko goma na mashigi ɗaya su sayi guda, a damƙa ta hannun yaro ɗaya mai nutsuwa da ya iya waya, ya zagaye wurin ya sa alamar kowane itace da dutse da kwari, ai itace ba ya tashi daga inda yake. Masu birgi a bakin gaɓa inda ruwa bai kai ƙugu ba kuwa kar ku ma soma, ba abin da za ta ƙara muku.

In za a aiko miki daga Jidda ko Dubai a duba sunan da kyau, a ga SI ko SideScan ko SideVü a jiki. 'Yan ƙananan nan masu arha da ke nuna zanen kifi yana iyo ba su ba ne. In ta hannu ce a tabbatar an haɗo da kunnenta, don na wani kamfani ba ya shiga na wani kuma shi kaɗai kuɗi ne mai yawa. A tambaya kuma ko tana nuna mita, wasu da aka yi wa kasuwar Amurka ƙafa kawai suke ƙirgawa.

Sai abu biyu da ba wanda ya tambaya amma zan faɗa. In kuna leƙe a wuri mai yashi marar zurfi kuka ga ramuka zagaye-zagaye jere kamar tambarin waina, gidajen karfasa ne, wato bulɗi, namijin ke haƙa su lokacin haihuwa, macen kuma ta kwashi ƙwan a bakinta tana reno. Na'urar za ta nuna muku su ƙarara, kuma na san zuciya za ta ce a ja taru a wurin. Dan Allah ku bari, kifin baɗi ne kuke kallo, duk uwa ɗaya da ta shiga taru da ɗaruruwan 'ya'ya ta shiga.

Na biyun, kun san yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023. Na'ura mai sikirin da GPS a kusa da madatsar ruwa ko gada, wanda bai san ta ba zai iya ɗaukarta wani abu daban. Kafin ka fita da ita ka je kai da sarkin ruwanku ku nuna wa hukumar wurin, a kunna a gabansu su ga abin da take yi, ka riƙe rasit ɗinka da takardar izinin su a cikin leda a aljihu, kuma kar ka matsa kusa da jikin madatsa ko da kifin can yana kiran sunanka.