Amsa ga mai tambaya kan makarantar Montgomery Blair a Silver Spring

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki. Kin ce kuna shirin tahowa Silver Spring ta jihar Maryland a Amurka ke da maigida da 'yarki da ke SS1 da ƙaninta da ke JSS1, an ba ku shawarar ku nemi haya kusa da Montgomery Blair don wai babu makarantar gwamnati kamarta a yankin, kina son sanin ko haka ne, da kuma yadda za ta kaya da tarbiyya. 'Ya'yana biyu a can suka gama. Maganar za ta ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri da ni.

Makarantar tana da kyau, wannan ba ƙarya aka yi miki ba. Amma sunan da ta yi a faɗin Amurka yawanci na wani ƙaramin sashe ne a cikinta, kuma ba kowane yaron da ya shiga ƙofar ne ke zama a wannan sashen ba. Idan kin san tarihinta za ki ga dalili.

A 1925 aka buɗe ta da sunan Takoma Park-Silver Spring. A 1935 ta koma titin Wayne, aka sa mata sunan Montgomery Blair, lauyan da ya tsaya wa Dred Scott, bawan nan da ya nemi 'yancinsa har Kotun Ƙoli ta hana shi a 1857. Shi Blair ɗin daga baya Shugaba Lincoln ya ba shi riƙon gidan waya na ƙasa, mahaifin Blair kuma shi ya raɗa wa Silver Spring suna. Abin mamaki, makarantar da ke ɗauke da sunan lauyan bawa ta fararen fata ce zalla a lokacin. Yaran baƙaƙe na gundumar Montgomery, garin Rockville ake kwasar su, sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta ware makarantu aka fara haɗa su. Da tafiya ta yi tafiya unguwannin suka sauya, baƙaƙen fata da baƙi daga ƙasashe suka yawaita, masu hali da yawa suka yi gaba. Don a jawo yara masu ƙoƙari daga wasu unguwanni ne aka kafa shirin Magnet na kimiyya da lissafi da kwamfuta a 1985. A 1998 makarantar ta tare a ginin da take yanzu a Four Corners, kan University Boulevard, dab da babban titin da ya zagaye Washington.

To shi wannan Magnet ɗin shi ne ke fitar da yaran da kike jin sun ci gasar binciken kimiyya ta ƙasa. Kimanin yara 100 yake ɗauka a shekara, a makarantar da ɗalibanta suka haura 3,000, mafi girma a gundumar Montgomery. Ana neman shiga tun daga aji 8, a fara a aji 9. Haka shi ma CAP, shirin aikin jarida da rubutu da wasan kwaikwayo. Ki lissafa da kanki: JSS3 ɗinmu shi ne aji 9 a nan, SS1 shi ne aji 10. Wato 'yarki ta riga ta wuce wannan ƙofar. Ƙaninta kuwa yana da sauran dama, muddin ya kai ga ajin Algebra 1 kafin ya gama aji 8, don haka ki sa masa ido a lissafi tun ranar farko. A 2025 hukumar makarantu ta fara maganar sake fasalin waɗannan shirye-shiryen, ki tambaya a makarantarsa yadda tsarin yake a shekarar da zai nema.

Kada wannan ya karya miki gwiwa game da yarinyar. A ganina abin da ke raba yara a Blair ba wannan shirin ba ne kawai, ajin da aka sa yaro ne. Darussa da yawa suna da hawa uku: na gama-gari, na Honors, da na AP wanda karatun shekarar farko ta jami'a ne, ana zana jarrabawarsa a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5, jami'o'i da yawa kuma suna yafe wa wanda ya ci da kyau wannan darasin. Yara biyu za su iya shiga bas ɗaya su ci abinci a teburi ɗaya shekara huɗu, amma karatun da suka kwasa ko kusa bai zama ɗaya ba. Kuma azuzuwan AP a buɗe suke ga duk wanda ya nema ya kuma cika sharaɗi. Nan ne mu baƙi muke yin sake. Mun saba a gida makaranta ce ke tsara komai, uwa ta biya kuɗi ta jira sakamako. A nan kowane ɗalibi yana da jami'in ba da shawara da ke tsara masa jadawali, shi kuma yara ɗaruruwa ne a hannunsa. Idan bai ji daga gare ki ba, zai sa yarinyar inda ya ga ba za ta wahala ba, da kyakkyawar niyya ma. Ki tura masa imel, ki nemi ganawa, ki je da ita, ki ce kina son ta gwada Honors a darussan da ta fi ƙarfi. Ba rashin kunya ba ne a wurinsu, haka iyayen nan suke yi.

Shi ya sa takardu suke da muhimmanci. Tun kuna gida ki karɓo cikakken sakamakonta daga JSS3 zuwa zangon da ta tsaya, kowane darasi da makinsa, da hatimi da sa hannun shugaban makaranta. Yaran da suka zo daga wata ƙasa ofishin karɓar ɗalibai baƙi na Rockville suke fara zuwa, can ake duba takardun a ƙirga abin da yaro ya riga ya yi. Abin da babu shi a rubuce, sai a maimaita. Ki haɗa da katin rigakafi da takardar haihuwa. Za a tambaye ki harshen da kuke yi a gida, ki rubuta Hausa kanki tsaye, za a gwada Turancinta. Idan tana buƙatar ajin ƙarin Turanci alheri ne, idan kuma ta ci ki tabbatar an sa ta cikin sauran yara. Nan babu WAEC da yaro zai yi wasa shekara biyu ya zo ya haɗa wuta a ta uku. Kowane maki daga aji 9 ana tara shi, shi jami'a za ta duba, har aikin gida yana ciki. Akwai manhajar ParentVUE da za ki riƙa ganin makinta da ranar da ta makara. Jihar Maryland kuma ba ta ba da shaidar gamawa sai yaro ya yi awa 75 na aikin sa kai, amma ana rage wa wanda ya shigo daga baya.

Batun haya: ki kula sosai. Silver Spring a adireshi faɗi gare ta, gidaje da yawa masu wannan suna Springbrook ko Paint Branch ko Blake suke kai yara. Blair tana cikin rukunin makarantu biyar tare da Einstein da Kennedy da Northwood da Wheaton, kowace da unguwanninta. Kafin maigida ya sa hannu a takardar haya, a shigar da adireshin a shafin hukumar makarantun gundumar a ga inda ya faɗa, kada a dogara da bakin dillali. Kuma ni dai ba zan ce ku takura kanku da haya mai tsada don sunan Blair ba, sauran ma duk suna da Honors da AP. Karatu kyauta ne, littattafai da bas ma haka. Akwai fom na abinci kyauta ko da rangwame gwargwadon albashi, ku cike.

Sai tarbiyya, wadda na san ita ce ke hana ki barci. Maza da mata a haɗe suke, babu yunifom, babu bulala, malami ba ya tsawa yadda muka sani. Ana shiga 7:45 a tashi 2:30, sauran yinin kuma yaro shi da kansa ne idan iyaye suna wurin aiki. Waɗannan awannin na yamma sun fi ba ni tsoro a kan duk abin da ke cikin aji. Shaye-shaye da sigarin lantarki suna nan a manyan makarantun Amurka, babu wadda zan rantse miki ta tsira. Abin da ya taimake ni shi ne cika musu yamma. Ɗaya ya shiga ƙwallon ƙafa, 'yan wasansu Blazers ake ce musu, kuma ba a barin yaro ya buga idan makinsa ya faɗi. Ɗayar ta shiga ƙungiyoyin ɗalibai. Makarantar tana da jaridar ɗalibai, Silver Chips, mai daɗaɗɗen suna, ɗan jarida Carl Bernstein da ya tono badaƙalar siyasa ta Watergate ma tsohon ɗalibin Blair ne.

Hijabi babu mai hana ta. Za ta tarar da 'yan Habasha da Senegal da Bangladesh da El Salvador da Kamaru, ba za ta zama abin kallo ba. Ta nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi a makon farko, su suka san inda ake sallar azahar da wanda ake tambaya. Abincin rana ni daga gida nake haɗa musu. Darasin kiwon lafiya yana da sashen zaman iyali da jima'i, dokar Maryland ta ba iyaye damar cire yaro daga wannan sashen, amma sai kin rubuta kin nema. Hutun Sallah ma bai zo da sauƙi ba, Musulmin gundumar sun yi shekaru suna nema kafin a ba yara hutu ranar Babbar Sallah ta 2016. A watan Yunin 2025 kuma iyayen wannan gundumar, har da Musulmi, suka yi nasara a Kotun Ƙoli kan 'yancin cire yaransu na firamare daga karatun wasu littattafai da suka saɓa wa addininsu. Akwai masallacin Muslim Community Center a kan New Hampshire Avenue, suna da karatun yara a ƙarshen mako.

Ana komawa makaranta a ƙarshen Agusta, don haka idan da hali ku iso a Yuli, a gama zuwa Rockville da allurai kafin azuzuwan da kuke so su cika. Idan kun sami gidan da kuke tunanin kamawa, ki turo min sunan unguwar ta akwatin saƙo in taya ki dubawa. Allah ya kawo ku lafiya, ya yi wa yaran albarka.