Ina Zan Samo Irin Kayan Miya Na Gargajiya a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gida, ina son shuka kuɓewa, gauta da yakuwa irin na da, waɗanda kakanninmu suka noma. Irin leda da na gwangwani ba ya ba ni ɗanɗanon da na sani. Ina zan nema? Daga wata uwargida, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Irin gargajiya ba a shago yake ba, yana rataye a ɗakunan girkin tsofaffi a ƙauye, cikin ƙwarya da tsumma. Don haka ki fara da masu zuwa gida. A kasuwar Mile 12 motocin kayan gwari na sauka daga Arewa kullum, kuma dillalai sun san manoman da suke aiko musu. Ki samu wanda kika yarda da shi, ki faɗa masa abin da kike so dalla-dalla: kuɓewar damina ce ko ta rani, doguwa ko gajera, gauta mai ɗaci ko yalo. Ki roƙa a tambayo garin da irin ya fito da shekarar da aka cire shi. Cokali biyu ya ishi bayan gida.

Wasu irin kuwa suna kan tire a kasuwa. Kabewa nunanna, jan barkono busasshe da tumatir da ya nuna sarai duk suna ɗauke da iri mai tsira. Gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, ki tambayi masu sayar da zoɓo. Amma kada ki wahalar da kanki da kuɓewar miya, ɗanya ko busasshiya: tun tana ƙarama aka tsinke ta, ƙwayar ba ta ƙosa ba. Ta iri sai wadda ta bushe a jikin uwarta har ta fara tsagewa. Haka gauta, sai ya wuce ci, ya rine ya yi ja ko ruwan ɗorawa.

Tumatir ne mai tarko. Da yawa daga na kasuwa irin aure ne, wato wanda aka haɗa nau'i biyu aka samar, wanda ake rubuta wa F1 a jikin gwangwanin iri. Zai tsira, amma 'ya'yan ba za su yi kama da uwar ba.

Idan abin ya gagara, Ibadan ba nisa. Can ne cibiyar NACGRAB mai adana irin shuke-shuken ƙasar nan take, da NIHORT mai binciken kayan lambu, da IITA wadda ta tara nau'in wake dubbai. Ki rubuta musu tukuna kafin ki kama hanya.

Duk inda ya fito, ki gwada shi. Ki nannaɗe ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, ki riƙa yayyafa ruwa har kwana 10. Idan 15 suka tsira, iri ne mai kyau. Ƙasa da 10, ki ninka abin da za ki shuka ko ki nemi wani. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya saboda taurin ɓawonta.

Tambaya: Irin da na ajiye bara ya yi fumfuna. Me ya jawo? Daga wani mai lambu, Idi-Araba.

Amsa: Malam, laimar Legas ce, kuma wataƙila a leda ka ƙulle shi bai gama bushewa ba. Abin da ke shekara lafiya a rataye a Katsina, a nan wata kaɗan ya lalace. Ka shanya a inuwa mai iska kwana 7 zuwa 10, har ƙwaya ta ƙi lotsawa in ka danna da farce. Ka zuba a kwalba mai murfi gam, ka haɗa da busasshiyar toka da ka tankaɗe, ka rubuta suna da shekara. Na tumatir a bar shi cikin ruwansa kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami, a wanke yauƙin, sannan a shanya. Irin albasa kuwa ko an adana shi da kyau, da wuya ya wuce shekara guda.