Kun Tambaya: Wai Sawakin ɗin da kakanninmu ke faɗa tana nan kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Kakana, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya je Makka, ya yi shekaru a hanya, kuma duk sanda yake ba mu labari sai ya ce a Sawakin suka shiga jirgin ruwa. Don Allah ina ne Sawakin ɗin nan, kuma har yanzu akwai mutane a ciki? Daga wata mai karatu a Azare.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Alhaji ya sa aljanna ce makoma. Sawakin tana Sudan, a bakin Bahar Maliya, kamar kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Asalin garin wani ɗan tsibiri ne zagayayye a cikin lungun teku, ƙarami ne sosai, kina iya zaga shi da ƙafa ba ki gaji ba, kuma jirage ta wata siririyar mashiga suke shigowa su tsaya daf da gidajen mutane. Tsohon gari ne ƙwarai, don ko Ibn Baɗɗuɗa ya yada zango a nan a ƙarni na 14. Turkawan Usmaniyya sun riƙe ta tun ƙarni na 16, a 1865 ta koma hannun Masar, a 1877 kuma aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu.

Abinda kakanki ya faɗa gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai ba. Mutanenmu sukan taso daga ƙasar Hausa da Barno su ratsa Chadi da Darfur, kuɗin guzuri ya ƙare su tsaya su yi ƙwadago, da yawa a gonakin auduga na Jazira, in sun tara su ƙara gaba, wani ya yi aure a hanya ya haihu a hanya kafin ya ga teku da idonsa. A Sawakin ake tsare alhazai a duba lafiyarsu sannan su tsallaka Jidda. Wasu ba su taɓa dawowa ba, jikokinsu ne Hausawan da ke Sudan yau, waɗanda ake ce wa Takari ko Fallata.

Ni abinda ya fi taɓa min zuciya shi ne gidajen. Da dutsen murjani da ake sarowa daga teku aka gina su, benaye hawa biyu hawa uku, an shafe su da farar ƙasa, ga tagogin katako masu sassaƙa da suke kira roshan irin na tsohuwar Jidda, iska ta shigo amma na waje bai ga matan gida ba. To shi wannan dutsen kamar ginin ƙasa yake, in ba a yaɓe shi a kai a kai sai ya fara zubewa. Turawan Ingila suka ga mashigar ta yi wa manyan jirage kaɗan, suka fara gina Fot Sudan a 1905 aka buɗe ta a 1909, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can, ba mai gyara, gishirin teku da damshi suka cinye garin a hankali. Ba yaƙi ne ya rushe shi ba wallahi, sakaci ne.

Yanzu tsibirin kusan duk kufai ne, sai masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya da Turkiyya ta gyara, shugabanta Erdogan ma ya je wurin a 2017. Jama'a suna ɓangaren tudu da ake kira Al-Gaif, akasari 'yan ƙabilar Beja, ga masunta, ga masu dafa gahawa da citta a ɗan tulun da suke ce wa jabana. Suna da wani zance da suka gada wai Annabi Sulaimanu a nan yake ɗaure aljanu, shi ya sa wasu ba sa son taɓa magunan da ke yawo cikin kufan. Wannan dai labarin gari ne, kar ki ɗauke shi kamar hadisi.

Tashar kuma ba ta mutu ba, an yi sabuwa mai sunan Usman Digna, wani jarumin kwamandan yaƙi na Mahadin Sudan, daga nan ake ɗaukar fasinja da tumaki zuwa Jidda. Amma in ziyara kike tunani ki dakata tukuna, Sudan tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023, Allah ya kawo musu sauƙi.