Wai sai an kai shi a mota?

Ɗana, na ga saƙonka bayan sallar isha, na yi dariya har gwaggonka ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Wai ko ya dace a bar abokina, jikan nan nawa ɗan shekara goma, ya tafi Islamiyya shi kaɗai, tunda motarka tana wajen makanike kuma uwarsa ta ce ba zai taka ƙasa ba. Islamiyyar da kai da bakinka ka ce ana jiyo karatunsu daga ƙofar gida!

Shekarar da aka canza hannun tuƙi, 1972, ban wuce sa'ansa ba Baba ya ɗora wa jakinmu mangalar gyaɗa ya ce in kai kasuwar Wudil ran Juma'a. Lokacin naira ba ta fito ba, sule guda ya ƙulle mini a bakin zariya. Abin da ya ce kawai: motoci sun koma dama, jaki kuwa bai sani ba, sai ka sani a madadinsa. Daf da gada wata babbar mota ta danna oda, jaki ya yi tsalle, kaya suka zube, gyaɗa har cikin kwalta. Na tsaya ina kuka ina riƙe da igiya. Wata mai fura ta sauke ƙwaryarta, ta dube ni ta ce, "Kai ba jikan gidan maƙera ba ne?" Ita da wasu almajirai suka tsince mini tas, ta ɗaure kayan, ta ba ni fura a ludayi, sannan ta ja kunnena don na bar jaki a gefen titi. Kafin in koma gida labari ya riga ni. Baba bai ce uffan ba, Juma'a mai zuwa ya sake aikena.

Kakarmu takan ce ɗa na kowa ne, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To ku kun zagaye gida da katanga, yaro daga kujerar falo sai kujerar mota, maƙwabcinku ma bai san fuskarsa ba, wa zai ce masa jikan gidan wane? Mu motar kara muke ƙerawa da hannunmu. Shi da ya zo hutun sallah, da waya ya wuni, ko bakin rijiya bai leƙa ba. Ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, amma har sayen burodi sai an tada mota.

Ban ce uwarsa ba ta da hujja ba. Satar yara gaskiya ce, masu Adaidaita Sahu kuma ba sa duban ƙaramin yaro. Ni ma da na ji ana cigiya a masallaci gabana faɗuwa yake.

Ka dai turo mini shi da damina. Akwai awaki uku da ba su da mai kiwo.