Ya roƙe ni gafara, amma bai ambaci kuɗina ba

Wata 'yar'uwa 'yar ƙasar Daura ta rubuto daga Buronks, a birnin Niyok na Amurka. Shekara biyu ke nan tana jinyar wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Boro Park da ke Buruklin, ɗan tsohuwar ne ke biyanta hannu da hannu. A hunturun da ya wuce, da aka sallamo tsohuwar daga asibiti, ta yi makonni tana kwana a gidan bisa alkawarin za a ƙara mata kuɗin kwana. Ba a ƙara ba. Da ta yi magana sai ya daka mata tsawa gaban 'ya'yansa, har ya goranta mata cewa takardunta ba su cika ba. Kwanan nan sai ga shi ya shigo kicin, kansa a sunkuye, ya ce babbar ranarsu ta kusa, ta yafe masa maganganun da ya faɗa mata. Ta ce masa ba komai. Kuɗi kuwa ko a bakinsa. Tana so ta sani ko dabara ce, ko kuma "ba komai" ɗin da ta ce ta kashe mata bashi. Ta ƙara da cewa tsohuwar tana da ciwon suga amma ta dage sai ta yi azumin ranar, bayan haka kuma za a kai ta gidan 'yarta, ita ta zauna ba aiki ba biya. A ƙasan wasiƙar ta ce tun ranar barci ke gagararta, don ta tuna kawunta da ya sayar da shanun huɗarsa ya cika mata kuɗin tafiya shekara takwas da suka wuce, ita kuma ta daina ɗaukar wayarsa.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya dafa miki.

A ganina ba dabara ba ce. Abin da kika gani a kicin ɗin nan al'ada ce ta addininsu mai daɗewa, kuma a unguwa irin Boro Park, inda masu tsananin riƙo da addini suka fi yawa, ba wasa ake yi da ita ba. Shekararsu tana farawa da watan Tishri, wanda ke faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba. Da wata suke lissafi kamar mu, sai dai suna ƙara wata guda sau 7 cikin kowace shekara 19, shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya damina da rani yadda azuminmu ke yi. Tun a watan da ke gabansa, wato Elul, ake fara shiri: ana busa ƙahon rago bayan addu'ar safe, ana tashi da duhu ana roƙon gafara. Ranar 1 da 2 ga Tishri ita ce Rosh Hashana, sabuwar shekara. Ranar 10 ita ce Yom Kippur, ranar kaffara, da ake azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, ba wanka, ba takalmin fata. A 2025 ta faɗo ranar 2 ga Oktoba. Sun yi imani cewa a Rosh Hashana ake rubuta wa kowa abin da zai same shi a shekarar, a Yom Kippur kuma a buga hatimi. Kwana goman da ke tsakani su ne kwanakin tuba, kuma a cikinsu mutumin nan ya same ki.

Dalilin da ya sa wajenki ya zo, bai tsaya ga addu'a a wurin ibadarsu ba, shi ne abin da ya fi shafarki. Tsoffin malamansu sun yanke cewa Yom Kippur tana kankare laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma laifin da ke tsakanin mutum da mutum ba ta taɓa shi sai an nemi yardar wanda aka cuta. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba ta ƙasar Andalus wanda ya rasu a Masar a 1204, ya fayyace yadda ake yi: a mayar da abin da aka ci, sannan a nemi yafiya da baki. Ko an biya kuɗin, sai an lallashi zuciya. Ko an lallashi zuciya, sai an biya kuɗin. Idan wanda aka ɓata wa ya ƙi, a koma da mutum uku cikin abokansa su taya roƙo, har sau uku. Kuma ya gargaɗi wanda aka zo roƙa da kada ya zama mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Game da ladan ɗan ƙwadago kuwa, a cikin Attaura an hana a bar shi ya kwana a hannun mai aiki. Duk yaron da ya yi makarantar addini a unguwar nan ya san wannan.

To kin ga mutumin nan rabin aikin ya yi. Ya zo da baki, ya bar aljihu a baya. Wataƙila ya manta da alkawarin, wataƙila yana ganin ba bashi ba ne, wataƙila kuma ya san bashi ne yana fatan ki yi shiru. Ba lallai ki gano wanne ne ba. "Ba komai" ɗinki ta tafi ne a kan abin da ya roƙa, wato tsawa da gori. Ba ta kai ga kuɗin kwana ba, ba a shari'armu ba, ba a tasu ba, ba a dokar Niyok ba.

Ki same shi kafin ranar, da kwana biyu ko uku, don a jajiberi gidan zai cika da girki da baƙi, ba zai saurare ki ba. Ki same shi shi kaɗai, kada ki rama masa gaban 'ya'yansa. Ki riƙe takarda da kika rubuta darare nawa kika kwana, daga wace rana zuwa wace rana, da abin da aka yi alkawari. Ki ce masa kin yafe maganganun nan har zuciya, amma akwai saura guda tsakaninku, ga shi a rubuce, kina so a gama da shi kafin ranarsu. Iyakar abin da za ki faɗa ke nan. Kada ki tsaya karanta masa addininsa. Ya fi ki saninsa, kuma namiji in aka kunyata shi da abin da yake taƙama da shi, sai ya taurare. Idan ranar ta wuce ba ku haɗu ba, kada ki ce an rufe ƙofa. Bashi yana nan bashi.

Na san yadda zukatan mutanenmu suke game da Falasɗinu, tawa ma haka take, kuma na san wasu a gida za su ce miki me ya kai ki yarda da hawayen Bayahude. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Wannan mutumin ki auna shi da abin da ya yi miki, mai kyau da marar kyau, da abin da zai yi idan kika miƙa masa takardar.

Idan ya ƙi, doka tana bayanki, kuma gorin da ya yi miki ba ya da tushe. Tun 2010 jihar Niyok ta kafa dokar kare masu aikin gida. Duk awar da ta haura 40 a mako ana biyanta ninki ɗaya da rabi, ko 44 ga wadda ke zaune a gidan dindindin. Akwai hutun yini guda a kowane mako, da kwana 3 na hutu mai biya bayan shekara guda a gida ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a birnin a 2025 dala 16.50 ne a awa. Mai jinyar da ta yi awa 24 a gida ana iya biyanta awa 13 kawai, amma sai in ta samu awa 8 na barci, 5 daga ciki ba a tashe ta ba, da awa 3 na cin abinci. Idan tsohuwar tana ta tashinki cikin dare, lissafin ya sauya. Kina da shekara 6 ki nemi haƙƙinki, kuma dokar albashi ba ta tambayar takardun zama. Mai aikin da ya tsoratar da ma'aikaci da jami'an shige da fice don ya nemi kuɗinsa, shi ne ya karya doka. Ajiye lissafin awoyi aikinsa ne; idan bai ajiye ba, littafinki da saƙonninku na WhatsApp suna da nauyi, don haka kada ki goge ko ɗaya. Sai dai kafin ki kai ƙara ma'aikatar ƙwadago, ki fara zama da lauyan shige da fice na gaskiya, irin na ƙungiyoyin da ke taimako kyauta, ya dubi yanayinki. Dillalan takardu da ke cika fom a bayan shago ki nisance su.

Kwanakin da za a tafi da tsohuwar na bikin Sukkot ne, mai farawa 15 ga Tishri, wanda za ki ga an kafa rumfuna a baranda da ƙofar gida. Doka ba ta tilasta a biya mai aikin awa ranar da ba ta yi aiki ba. Ki nemi a sa miki kwana ukun nan naki a ciki, ki kuma yi amfani da zaman ku daidaita ranakun Sallah ƙarama da babba tun yanzu.

Maganar azumin tsohuwa kuwa kada ki bar ta sai ranar. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, in ta wuni ba ci, suganta na iya faɗuwa ta suma a hannunki, kuma a ranar duk gidan suna wurin ibada, ba mai ɗaukar waya. Addininsu ya fifita ceton rai a kan azumi. Malamansu kan umurci marar lafiya ya ci, wani lokaci kaɗan-kaɗan da tazara. Amma daga bakinki ba za ta karɓa ba. Ki sa ɗan ya tambayi likitanta da malaminsu tun yanzu, a rubuta miki abin da aka yanke da yadda za a yi da magani, a liƙa a jikin firiji. Ki ajiye abin gwada suga da ruwan 'ya'yan itace kusa. In kika ga tana gumi, tana rawar jiki, ko magana ta rikice, ki kira 911, lambar agajin gaggawa, nan take. Unguwar tana da motocin agajin sa-kai na Hatzalah, suna fita ko a wannan ranar. Ki karɓi lambarsu ita ma.

Yanzu ga kawu, wanda na tabbata shi ne ainihin abin da ya sa kika ɗauki alƙalami. Abin da mutumin nan ya yi miki, rabin tuba, ke ko shi ba ki yi wa kawunki ba. Ban faɗa don in ƙara miki nauyi ba. Ke kika fara gani, shi ya hana ki barci. Malamanmu sun ce tuba tana da sharuɗɗa uku: a daina, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba. Idan haƙƙin wani ya shiga, akwai na huɗu, a mayar masa ko a nemi ya yafe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya zalunci ɗan'uwansa ya warware da shi yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Istigfari a kan darduma a Buronks ba zai mayar da shanu turkensu a Daura ba.

Na san yadda abin ke faruwa. Shekarar farko babu aiki, kunya ta hana ki ɗauka. Ta biyu an samu aiki amma haya ta cinye. Daga nan kunyar rashin ɗaukar wayar ta fi ta bashin girma, kullum sai a ce sai an tara duka. Da yawa a cikinmu suna ɗauke da irin wannan, wasu har mai bashin ya rasu.

Kada ki lissafa masa da nairar wancan lokacin. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Adadin da ya ba ki shekara takwas da suka wuce, yau ko maraƙi mai kyau da wuya ya saya. Malamai sun yi saɓani kan bashin kuɗin da darajarsa ta faɗi, amma ke ba fatawar da za ta rage miki kike nema ba. Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Shanun huɗa biyu ya rasa, kuma damina takwas ya yi yana haya ko noma da hannu. Ki sa a tambayo miki farashinsu a kasuwar Mai'aduwa, wannan shi ne bashin. In ba za ki iya a tashi ɗaya ba, ki raba shi wata-wata, ki faɗa masa adadin da ranar, ki fara da kuɗin kwanan nan idan sun fito.

Kafin ki kira, ki tura babba ya share miki hanya: mahaifiyarki in tana raye, ko wani dattijo da kawu ke jin kunyarsa. Sannan ki kira da bakinki, ba saƙon murya ba. Yanzu kaka ce, da rana yana gona; Najeriya na gaban Niyok da awa 5 a wannan lokacin, don haka ƙarfe biyu na ranarki zai same shi a gida bayan magariba. Ki gaishe shi yadda kika saba tun kina yarinya, ki ce Kawu na yi laifi, ki yi shiru. Kada ki kawo tsadar haya ko wahalar takardu sai in shi ya tambaya. In ya yi faɗa ki bar shi ya gama, in ya kashe wayar ki sake kira bayan kwana biyu, kuma kason farko ya isa hannunsa ko ya sauko ko bai sauko ba.