Bizar masu sabon kamfani: in sayar da filin gado in biya ejan?

Tambaya daga wani matashi a Tudun Wada, Gombe: Salam malam, ni da abokina mun haɗa manhaja da ke haɗa manoma da dillalan hatsi na Tudun Hatsi, shekara ɗaya kenan. Wani ejan yace in kawo miliyan 8 zai samo min bizar masu kafa kamfani a Ingila ko Kanada. Har ina tunanin sayar da filin da na gada. Meye shawara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ka bar filin nan a inda yake tukuna. Irin wannan bizar ba a hannun ejan take ba, kai ofishin jakadanci ma ba shi ne matakin farko ba, sai wata hukuma da gwamnatin ƙasar ta amince da ita ta duba sana'arka ta sa hannu cewa eh abin nan sabo ne, zai tsaya da ƙafarsa, kuma zai girma. Takardar amincewar nan ita ce komai.

A Ingila sunanta Innovator Founder, ta fara a Afrilun 2023 bayan sun rufe tsofaffin bizar guda biyu, kuma sun cire sharaɗin sai kana da jarin fam 50,000. Mutane da suka ji haka sai suka ɗauka an buɗe ƙofa, alhali wuyar tana wajen masu tantancewa, za su zaunar da kai su tambaye ka me kake yi da babu wanda ke yinsa a can, shagon kaya ko gidan abinci ba ya shiga. In ka samu, shekara 3 ce, daga nan kana iya neman zama na dindindin. Akwai jarabawar turanci, akwai gwajin tarin fuka da ake yi a Abuja ko Legas, sannan fam 1,270 su kwana 28 a asusunka ba ka taɓa ba.

Kanada kuwa tsarinsu ya fara a 2013, sun daina karɓar sabbin masu nema a ƙarshen 2025. A da sai kamfanin zuba jari da suka tantance ya sa dalar Kanada 200,000, ko ƙungiyar attajirai masu tallafa wa sabbin kamfanoni ta sa 75,000, ko cibiyar renon kamfanoni ta karɓe ka. Amma layi ya yi tsawo har a 2024 suka ƙayyade wa kowace ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi kamfani 10 kacal a shekara, mutane na shekaru suna jira, to duk wanda yace maka wata 3 gsky ƙarya yake.

Amurka ba ta da bizar masu sabon kamfani kai tsaye, E-2, bizar masu zuba jari da ake ta yayatawa, ta 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniya da Amurka ce, Najeriya kuma ba ta cikinsu. Istoniya tana da nata tun 2017, sai dai kar a ruɗe ka da e-Residency, katin buɗe kamfani ta intanet ne kawai, ba ya ba ka izinin shiga ƙasar balle zama.

Abin da ke damuna da tambayarka shi ne, manoman naka suna Kumo da Dukku da Bajoga, to me za ka je yi Landan? Wannan tambayar wlh ita za su fara yi maka. In amsar ita ce masu sayen riɗi da citta da zoɓo suna can kuma kana so manhajar ta haɗa su da nan, toh ka fara magana. Na taɓa zama da wani yaro da ya kawo min shafi 40 na tsarin kasuwanci da ejan ya rubuta masa, na tambaye shi buhu nawa aka sayar ta manhajarsa a watan jiya sai ya sunkuyar da kai yana murza hula, bai ma karanta takardar ba, kuma gonar mahaifiyarsa ce ta tafi a kai. Har yau abin na ci min rai.

Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, in ba ku yi ba, ku buɗe asusun banki da sunan kamfanin, kowane ciniki ya bi ta nan, ku rubuta kason kowa tsakaninka da abokinka. Ku nemi shaidar sabon kamfani ta NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ƙarƙashin dokar sabbin kamfanoni ta 2022. In kun tara lissafin kaka biyu, kai da kanka za ka rubuta wa masu tantancewar, sunayensu na nan kyauta a shafin gwamnatin Birtaniya.